Darasi: Tace Jini Idan Kumburin Fankiriyas Ya Yi Tsanani

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin inda fankiriyas take a jiki da aikin da take yi;
2. gane alamun kumburinta, ya kuma bambanta shi da olsa;
3. bayyana yadda wannan ciwo ke tsayar da ƙoda;
4. bayyana yadda injin tace jini ke aiki, da abin da ya fi ƙarfinsa;
5. lissafa yawan fitsarin da ya kamata majinyaci ya yi.

1. Wace ce fankiriyas?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya san hanta, ya san saifa, ƙoda, tumbi da matsarmama. Amma akwai wata tsoka mai laushi, fara-fara kamar kitse, da ke kwance a bayan tumbi manne da farkon hanji, wadda yawancinmu ba mu kula da ita. Likitoci na kiran ta fankiriyas. Wasu kan ce mata saifa, wannan kuwa kuskure ne: saifa daban, fankiriyas daban. A jikin babban mutum tsawonta ya kai kimanin santimita 15, wato ba ta cika taƙi ɗaya ba.

Aikinta biyu ne. Tana yin sinadarin insulin mai daidaita suga a jini, shi ya sa ake yawan ambaton ta a zancen ciwon suga. Tana kuma yin wani ruwa mai ƙarfi, fiye da lita ɗaya a kullum, wanda ke narka kitse da nama da tuwo. Ruwan nan ba ya fara aiki sai ya isa hanji. Yana bi ta wata siririyar hanya wadda ke haɗuwa da hanyar matsarmama daf da bakin hanji. A riƙe wannan mahaɗa a ka, don nan ne matsala ta fi farawa.

> AKWATI NA 1
> Fankiriyas: gaɓa a bayan tumbi mai yin insulin da ruwan narka abinci.
> Kumburin fankiriyas na farat ɗaya: ciwon da ke tasowa idan ruwan narka abinci ya fara aiki tun yana cikin fankiriyas, ya shiga cin naman da ya yi shi.

2. Abin da ke jawo shi, da alamunsa

A duniya baki ɗaya abubuwa biyu ne kan gaba: tsakuwar matsarmama da ta gangaro ta toshe mahaɗar nan, da shan giya mai yawa. Na uku shi ne yawan maiƙo a jini. Akwai kuma buguwa a ciki, kamar wanda ya faɗi da babur kan mashin ya soke shi, ko wanda sa ya harba. Da tsutsar ciki idan ta kutsa cikin hanyar. Da ciwon hangum. Da wasu magunguna. Masu ciwon sikila sun fi saurin yin tsakuwa, haka ma mata masu juna biyu.

A nan sai mun ja kunnen juna. Wanda ya ji rabin karatu zai iya komawa gida yana cewa ai ciwon mashaya ne. Ba haka ba ne. Tsohuwar da ba ta taɓa jin ko warin giya ba tana iya kwanciya da shi saboda tsakuwa guda wadda ba ta kai ƙwayar wake ba. Zargi irin wannan shi ke sa iyali su ɓoye majinyaci a ɗaki.

Babbar alama ita ce ciwo mai tsanani a saman ciki, ƙasa da ƙirji, wanda ke zuwa ba sallama, ya huda har gadon baya, ya kuma ƙi lafawa. Amai na biye da shi, kuma aman ba ya kawo sauƙi. Sau da yawa za ka ga majinyaci ya kasa kwanciya rigingine, ya gwammace ya zauna ya duƙa gaba.

A garuruwanmu duk ciwon da ya tokare saman ciki sunansa olsa. Sai a jiƙa kanwa, a sayo madara, a aika yaro kemis. Ciwon olsa na yau da kullum yakan zo ya tafi, yana da alaƙa da yunwa ko cin abinci, maganin kemis kan kwantar da shi na ɗan lokaci. Na fankiriyas ba ya jin wannan lallashi. Ko da a ce olsar ce ta fashe, ita ma ta asibiti ce cikin gaggawa, don haka babu asara a tafiyar.

Likita na tabbatar da ciwon ne idan ya sami biyu daga cikin uku: irin wannan ciwon ciki, gwajin jini da ya nuna sinadarin laifes ko amiles ya ninka iyakarsa sau 3, ko hoton ciki da ya nuna kumburin.

3. Yaushe ake cewa ya yi tsanani?

Cikin mutum 10 da suka kamu, kimanin 8 kan warware cikin mako guda da ƙarin ruwa, maganin ciwo da komawa cin abinci sannu a hankali. Darasinmu yana kan sauran ne.

Idan fankiriyas ta kumbura, jiki na sakin wasu sinadarai masu kai kuka ga sojojin jini, ana kiran su saitokin. Kamar mai shelar gobara ne. Idan shelar ta tsaya a unguwar da wuta ta tashi, alheri ce. Idan ta game gari, kowa ya fito da gudu ana tattake juna, sai ɓarnar turmutsitsi ta fi ta wutar. Haka ke faruwa a jiki: jijiyoyin jini su saki, ruwa ya riƙa tsiyaya daga cikinsu yana taruwa a ciki da huhu, bugun jini ya faɗi. Mutum ga shi a kumbure amma jijiyoyinsa a bushe. Ƙoda, wadda ba ta aiki sai da isasshen jini, tana cikin waɗanda ke fara gazawa.

Likitoci na bin wani ma'auni da aka fara tsarawa a birnin Atlanta na Amurka a 1992, aka sabunta shi a 2012. Bisa wannan ma'auni, ciwon ya zama mai tsanani idan ƙoda, huhu ko zagayen jini ya gaza, kuma gazawar ta wuce awa 48.

> AKWATI NA 2
> Saitokin: sinadaran da jiki ke aika saƙon kumburi da su.
> Gazawar ƙoda ta farat ɗaya: ƙoda ta daina tace jini cikin awoyi ko kwanaki. Ta bambanta da tsohon ciwon ƙoda na shekaru, domin sau da yawa takan farfaɗo.

Misali na 1: lissafin fitsari

Ƙa'ida: babban mutum ya kamata ya yi fitsarin da bai gaza rabin mililita ba a kan kowane kilo na nauyinsa, a kowace awa.

A ce wani manomin albasa daga Kuchi mai nauyin kilo 60 an kwantar da shi a babban asibitin Kebbe da ke Jihar Sakkwato, an sa masa robar fitsari.

Rabin 60 shi ne 30. Ke nan mililita 30 a awa ɗaya.
A awa 6: 30 × 6 = mililita 180.

Ledar fiya wata mililita 500 ce. Don haka daga sallar asuba zuwa hantsi ya ɗaga sosai, wajen awa 6, ya kamata jakar fitsarinsa ta tara abin da ya ɗara kashi ɗaya cikin uku na ledar ruwa. Idan ɗansa mai jinya ya duba ya ga ɗan abin da bai cika ludayi ba, ba zai jira zagayen likita ba. Zai je wurin ma'aikaciyar jinya ya ce: "Malama, Baba tun asuba hitsari nai bai taka kara ya karya ba, ki zo ki gani." Wannan magana ɗaya tana iya zama dalilin rubuta takardar tura shi gaba a ranar.

4. Mene ne tace jini?

Ƙodoji biyu na mutum suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a kullum, su mayar da kusan dukansa, su fitar da lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari. Idan suka tsaya, abubuwa uku ke taruwa: ruwa, wanda ke cika huhu, datti da tsami, da wani gishiri mai suna fotasiyam, wanda idan ya yi yawa yana tsayar da zuciya. Injin tace jini yana riƙe wa ƙoda wannan aiki.

Ga yadda ake yi. Likita zai sa roba mai baki biyu a babbar jijiyar wuya ko ta matsematsi. Famfon inji ya ja jini ta baki ɗaya, ya bi da shi ta cikin mataci, ya dawo da shi ta ɗaya bakin. Matacin kwalba ce mai tsawon kamu ɗaya ko ƙasa da haka, cike da dubban zarurruka masu rami a tsakiya, kowane da ƙofofin da ido ba ya gani. Ba a kwashe jinin mutum gaba ɗaya. Abin da ke waje a kowane lokaci bai wuce cikin kofi ba, yana fita yana komawa.

Hanyoyi biyu ne ake raba jini da dattinsa, kuma kowace mace ta san su daga madafa.

Ta farko ita ce wadda muka sani da wankin ƙoda, ko dayalisis. Ka tuna ganyen shayi na ƙulli a cikin ruwan zafi: ba a matsa shi ba, amma launi na fita da kansa zuwa inda babu shi. A inji, jini na gudu a cikin zare, ruwa mai tsabta na gudu a wajensa, datti na tsallakawa da kansa. Ana yin sa kimanin awa 4 a zama ɗaya. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, shi ya ƙera injin farko a 1943, kuma a 1945 ya ceci majinyaciyar farko da shi.

Ta biyu ita ce tacewa ta ainihi. Ka tuna wanke shinkafa a kwando: ruwan datti na zuba ta ƙasa, shinkafa na nan, ana ƙara sabon ruwa ta sama. A inji, ana matsa ruwan jini ya fita ta ƙofofin zaren ɗauke da dattinsa, ƙwayoyin jini su tsaya, sannan a mayar da sabon ruwa mai daidaitaccen gishiri. Wannan hanya na iya fitar da datti masu ɗan girma waɗanda ba sa tsallakawa da kansu cikin sauƙi. Ana gudanar da ita a hankali dare da rana ba tsayawa. Peter Kramer ne ya fara ta a garin Gottingen na Jamus a 1977.

Me ya sa ake son ta a hankali? Domin mai kumburin fankiriyas mai tsanani bugun jininsa a ƙasa yake. Idan aka janye masa lita biyu ko uku cikin awa 4, yana iya suma. Idan aka raba wannan a kan awa 24, jiki ya fi jurewa. Sai dai injin da ke aiki dare da rana yana da tsada, ruwansa da matacinsa ma haka, kuma yana buƙatar ma'aikaci a kansa kullum da wutar da ba ta ɗaukewa. Ba shi da yawa a Najeriya. Inda babu shi, likitoci kan yi amfani da injin wankin ƙoda na yau da kullum, su rage masa gudu, su tsawaita zaman zuwa awa 6 ko fiye. Wannan dabara ce karɓaɓɓiya a duniya, kada iyali su ɗauka an yi musu ƙwange.

> AKWATI NA 3
> Wankin ƙoda: datti na tsallakawa da kansa daga jini zuwa ruwa mai tsabta.
> Tace jini mai ɗorewa: ana matse ruwan jini a zubar, a mayar da sabo, dare da rana.
> Sauya ruwan jini: a raba ƙwayoyin jini da ruwansu, a zubar da ruwan, a sa wani. Akan yi shi wani lokaci idan maiƙo a jini ya yi yawa ƙwarai.

Misali na 2: ruwa nawa ake tacewa?

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce mililita 20 zuwa 25 a kan kowane kilo a kowace awa. Mu ɗauki manominmu mai kilo 60, da 25.

60 × 25 = mililita 1,500 a awa, wato ledar fiya wata 3.
A awa 24: 1,500 × 24 = mililita 36,000, wato lita 36.

Lita 36 ta cika jarka mai lita 25, ta kusa raba ta biyu. Jinin jikinsa duka kuwa bai wuce lita 5 ba. Wannan ya nuna cewa jini ɗaya ne ke ta zagayawa, kuma kusan duk ruwan da aka fitar sai an mayar da madadinsa. Ruwan mayarwar na musamman ne da ake sayowa a jakunkuna, ba a ɗebo shi a rijiya ko famfo. Daga nan ɗalibi zai gane inda kuɗin ke tafiya.

5. Abin da inji ke iyawa, da inda ya tsaya

Wannan shi ne sashen da ya fi muhimmanci. Inji ba ya taɓa fankiriyas. Ba ya cire tsakuwa, ba ya raya naman da ya mutu. Aikinsa shi ne ya riƙe mutum da rai har kumburin ya sauka, ƙoda ta dawo hayyacinta.

Likita kan nemi a ɗora majinyaci a inji idan fitsari ya tsaya duk da an ba shi isasshen ruwa, ko ruwa ya cika huhu, ko fotasiyam ko tsamin jini ya kai matakin haɗari, ko datti ya fara gusar masa da hankali. A waɗannan halaye babu gardama, inji na ceton rai.

Inda ake gardama shi ne wani tunani na daban: tun da saitokin ne ke rura wutar, me zai hana a tace su tun ƙoda ba ta tsaya ba? Likitoci a Sin da Japan sun yi aiki mai yawa a kan wannan, har an ƙera matatai na musamman masu tsotse saitokin. Tunanin na da daɗin ji, kuma gwajin jini kan nuna sinadaran sun ragu. Amma raguwar lamba a takardar gwaji daban, rayuwar mutum daban, kuma har yanzu ba a sami ƙwaƙƙwarar hujjar da ta sa manyan ƙungiyoyin likitoci suka mayar da shi dole ga kowa ba. A ganin mai wannan darasi, iyalin da za su sayar da gona ko shanu suna da haƙƙin su tambayi likita cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, don ƙoda ta tsaya za a yi, ko don a gwada rage kumburi?" Likitan kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Inji na da nasa haɗari. Ana sa maganin hana daskarewar jini don kada mataci ya toshe, wannan na iya jawo zubar jini. Ƙwayoyin cuta na iya shiga ta robar wuya. Jiki kan yi sanyi, bugun jini kan faɗi, kuma matacin na kwashe wani ɓangare na magunguna da abinci tare da datti.

Ko ƙarin ruwa ma yana da iyaka. Wani bincike da likitocin Sifen suka jagoranta, wanda aka buga a 2022, an dakatar da shi bayan majinyata 249, domin kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ƙarin ruwa da gudu ruwa ya yi musu yawa, a cikin waɗanda aka yi wa a hankali kuwa kashi 6 ne kawai. Saboda haka mai jinya kada ya sa hannu ya buɗe makunnin ledar ƙarin ruwa don ta ƙare da wuri.

Sai kuma "maganin wanke jini" da ake talla da lasifika ranar kasuwa, da ƙahon wanzami. Babu ɗayansu da ke yin aikin da muka bayyana. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, da ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, suna iya ƙarasa ƙodar da ta riga ta jigata.

6. Daga Tambuwal da Kebbe zuwa inda inji yake

Tace jini aikin babban asibiti ne mai sashen ƙoda da sashen kulawa ta musamman. A Jihar Sakkwato wurin da aka fi tura irin waɗannan majinyata shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato, ta Shagari da Boɗinga, kimanin kilomita 100 ne. Mutumin Kebbe, Margai ko Ungushi tafiyarsa ta fi haka, musamman da damina.

Duk da haka, matakin farko shi ne asibiti mafi kusa. A babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe za a fara ƙarin ruwa, a ba da maganin ciwo, a auna fitsari. Ruwan da aka sa a ranar farko shi ne ya fi kare ƙoda, kuma mutum da yawa da shi suke tsallake inji gaba ɗaya. Wanda aka ɗauko daga Sanyinna ko Dogon Daji bayan kwana uku yana amai a ɗaki, ya riga ya rasa wannan dama.

Idan an ce a wuce gaba, a karɓi takardar turawa da sakamakon gwaje-gwaje, a tafi da ɗan'uwa mai lafiya wanda zai iya ba da jini, a kuma faɗa wa likita duk abin da majinyaci ya sha a gida, har da na gargajiya. Wanda ke da rajistar taimakekeniyar lafiya ya tafi da katinsa, ya tambayi abin da ta ɗauke masa. Bayan sallama, idan tsakuwa ce sanadi, likita zai ba da shawarar cire matsarmama, domin idan aka bar ta ciwon kan dawo. Da yawa daga waɗanda ƙodarsu ta tsaya ta wannan hanya suna rabuwa da inji bayan kwanaki ko makonni, amma sai an ci gaba da gwajin ƙoda da na suga.

Tambayoyin bita

1. Faɗi ayyuka biyu na fankiriyas. Me ya bambanta ta da saifa?
2. Kawo abubuwa huɗu da ke jawo kumburinta.
3. Maƙwabcinka ya ce olsarsa ce ta tashi. Waɗanne alamu za su sa ka ce a tafi asibiti yanzu?
4. Awa nawa gazawar gaɓa za ta wuce kafin a kira ciwon mai tsanani?
5. Wata mata daga Jabo nauyinta kilo 50. Mililita nawa na fitsari ya kamata ta yi a awa 6?
6. Idan za a tace mata mililita 20 a kan kowane kilo a awa, lita nawa ke nan a awa 24?
7. Yi amfani da misalin shayi da na shinkafa ka bayyana bambancin wankin ƙoda da tace jini.
8. Gaskiya ko ƙarya: injin tace jini yana warkar da fankiriyas. Kawo dalili.
9. Aikin gida: bincika tsawon lokacin da mota ke ɗauka daga garinku zuwa babban asibiti mafi kusa, da wanda za a iya tasa ya kai majinyaci cikin dare. Rubuta amsar a littafinka ka zo da ita aji na gaba.